Ranar da Baba Ya Ɗanɗana Bango

A shekarar da jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cincirindo a bakin tashar Legas, ni ina Landan ina karatun simintin. Gwamnatin jiharmu ce ta turo ni in koyi aikin injiniyan gine-gine. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa a gida ya haukace da bulo da rodi, duk wasiƙar da ta zo mini sai an ba ni labarin wanda ya rushe soronsa ya dasa bene. Ni kuwa ina wani ɗaki da ɗan kicin a Camberwell, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa. A ganina Nijeriya kaf ni take jira in koma in zuba mata kankare.

Mahaifina magini ne, amma na ƙasa. Kakana ma haka. Tubali da azarar giginya da makubar shafe bango su ne abin da gidanmu ya sani, kuma akwai zaurukan da Baba ya ɗaure wa rufi mai lanƙwasa irin na bakan gizo tun kafin a haife ni da har yau ruwa bai taɓa ɗiga a cikinsu ba. Yana da ɗabi'u biyu da duk unguwarmu ta san shi da su. Ba ya yarda a ɗebi ƙasar gini a kududdufi sai ya gutsuri kaɗan ya sa a harshe, in ya ji kanwa ko gishiri ya tofar ya ce a nemi wani wuri. Sannan ba ya wuce ginin da ya burge shi bai shafa bangon ba, ya ce sannu da aiki, ko da wanda ya yi ginin ya shekara hamsin a kabari. Ina yaro nakan ga wannan abin alfahari ne. Da na shiga sakandare sai na fara ganin ƙauyanci ne, kuma har na zo Landan ban warke ba.

Don haka in aka tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in ce ɗan kwangilar gine-gine ne. Nakan lallashi kaina cewa ba ƙarya ba ce tsagwaronta, ai ana ba shi aiki yana yi. Amma na san hoton da nake so mai sauraro ya gani: wani alhaji a cikin Marsandi, da babbar riga mai aiki, yana nuna wa lebura wuri da bakin makullin mota. Haka na rubuta a takardun makaranta, haka na gaya wa malamai, haka abokaina suka sani.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Baba idanu biyu. Wani attajiri da Baba ya gina wa mahaifinsa gida, wanda harkar mai ta buɗa masa, ya ɗauki nauyin kawo shi Landan a yi masa aiki. Mutumin nan ya riga ya rushe gidan ya zuba na siminti, zauren kaɗai ya bari, amma bai manta da wanda ya gina ba. Aka yi wa Baba aikin idon hagu a babban asibitin da ke kusa da ni, aka ce na dama sai bayan wasu makonni. Aka ba shi wani tabarau mai kauri wanda yake ganin abubuwa da shi dishi-dishi, da maganin ɗigawa sau huɗu a rana. Ya zauna wurina, shi a gado ni a ƙasa.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Da yana cewa “kai”, amma tun da na tafi karatu ya koma ce mini Injiniya, kuma yadda yake jan kalmar ba za ka iya rantsuwa ko yabo ne ko tsokana ba.

Tun a filin jirgi na lura da hannayensa. Na san su tun ina goye, amma ban taɓa ganinsu a ƙarƙashin fitilun Landan ba. Tafin ya yi kanta ya taurare, faso ya ratsa kowace gaɓa, ƙasa ta zauna a cikin fason ta zama launin fatar, ko sabulun duniya ba zai fitar da ita ba. Farcen babban yatsansa na dama rabi ne, azara ta tafi da sauran. Duk wanda ya gaisa da wannan hannu ya san ba makullin mota yake riƙewa ba. Washegari na tafi Lewisham na sayo masa safar hannu ta baƙar fata, mai gashi a ciki. Na ce masa sanyin garin nan yana cin yatsun tsofaffi, kada ya fita ba ita. Ya juya ta, ya shinshina, ya sa mini albarka.

Ya riƙa sa ta duk inda za mu. Sai dai yana ƙorafi cewa in ya shafa jan bulon gidajen Turawa ba ya jin komai, kamar an toshe masa kunne. In mun haɗu da mutanenmu a masallaci ko a kanti, yakan fara kiciniyar zare ta, don a wurinsa miƙa wa mutum hannu a rufe raini ne. Ni kuma sai in yi sauri in ce a yi masa uzuri, likita ya hana shi shan sanyi. Likita bai ce komai a kan hannu ba.

Malamin da ke koya mana kankare wani dogon Bature ne mai furfura, ba ya yawan magana, kullum da lofe a baki ko da ba wuta. Duk shekara yakan kwashi ɗalibansa zuwa wani tsibiri a inda kogin Landan yake shiga teku, su ga gine-ginen tsaron da aka yi a bakin gaɓa lokacin yaƙin Jamus, su ga abin da shekara talatin da ɗoriya ta yi musu. Aka sa ranar wata Asabar. Maƙwabciyata, wata nas ’yar Jos da takan leƙa Baba in ba na nan, ta ce tana da aiki ranar. Ba zan iya barinsa shi kaɗai da murhun gas da maganin ido ba, tafiyar kuma dole ce. Na je wurin malamin ina sosa ƙeya na nemi uzuri. Ya ce ai babu wata matsala, in zo da shi, akwai wuri a mota. Ya ƙara da cewa ya tuna mahaifina ɗan kwangila ne, zai so ya ji yadda ake fama da siminti a ƙasa mai zafi. Na yi murmushin dole na ce zai yi farin ciki.

Mu goma sha ɗaya ne a ƙaramar bas. A cikinmu akwai abokina, ɗan wani babban sakatare ne daga Kaduna, mai gashi kamar tumfafiya da takalmi mai tudu, da kyamara a wuya. Ba mugu ba ne, bakinsa ne dai ba ya da birki. Ya durƙusa ya gai da Baba yadda ya kamata, ya ba shi kujerar gefen taga, sannan ya zauna kusa da shi.

“Baba, an ce yanzu contracts sun yi muku yawa a gida har kuna rejecting,” in ji shi. “Siminti ne kawai ba ya samuwa, ko?”

Baba ya juyo da kaurin tabaraunsa wajena, sannan ya mayar ga abokina.

“Ana taɓawa, yaro. Alhamdu lillahi.”

Ni kuwa ban ɗaga kai ba. Daga nan har muka fita gari ina lissafin yadda zan raba shi da malamin, da yadda zan gyara duk abin da ya faɗa in an sa ni tafinta. Ban da Baba, ni kaɗai da abokina ke jin Hausa a motar, kuma na san abokina kyamararsa za ta ɗauke masa hankali.

Gada ce ta kai mu tsibirin. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, fadama da ciyawa da tumaki masu kauri, sai ’yan ƙananan gidajen hutu da aka kulle saboda sanyi ya shigo. Ruwa ya janye ya bar laka baƙa wuluk har iyakar gani. Baba ya tambaye ni ko mutanen nan suna gini da ita. Na ce a'a. Ya ce sun yi hankali, daga warinta ya san ba ta da kirki.

Muka bar motar a ƙarshen wata hanya muka taka. Iska tana kaɗawa daga teku har sai ka karkata kafin ka yi gaba. Na riƙe Baba ta gwiwar hannu, shi kuma yana dogara sanda, rigarsa tana filfilwa a ƙarƙashin kwat ɗin da na ara masa. Abin da muka fara tararwa wani rami ne zagayayye na kankare, faɗinsa ya kai tsakar gida ƙarama, a tsakiya akwai da'irar manyan ƙusoshi da tsatsa ta cinye. Malamin ya ce nan aka girke igwa, bakinta yana duban teku. Daga gefe akwai matakala da ta gangara cikin ƙasa zuwa ɗakin da ake ajiye harsasai. Muka sauka da tocila, ruwa ya kai idon sawu, bango yana zufa, samari sun rubuta sunayensu da na ’yan matansu da fenti. Wata ƙofar ƙarfe tana rataye da ƙyar a maɗauri ɗaya. Ɗalibai suna ta ihu don su ji amsa-kuwwa, abokina yana ta haska kyamara. Baba ya tsaya a bakin matakalar yana sauraren yadda muryoyinmu ke dawowa, ya ce mini rufin nan ya fi kamu biyu kauri.

Can gaba gaɓar ta zaizaye, wani ɗaki guda sukutum ya zame daga sama ya faɗa kan rairayi, ya kwanta a karkace bai fashe ba, ciyawar ruwa ta lulluɓe gindinsa. Na gaya wa Baba abin da nake gani, don idonsa ba ya kaiwa can. Ya ce in ginin ya faɗo daga wannan tsawo bai tsage ba, to wanda ya yi shi ya ci abincinsa da halal.

Daga nan malamin ya kai mu wurin da ya kawo mu dominsa. Ɗakuna biyu ne na masu gadin teku, tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Fasalinsu ɗaya, kowanne da siririyar taga mai tsawo a kwance wadda mutum zai leƙa ya ga ruwa ba a gan shi ba. Na hagu yana tsaye garau, in ban da gansakuka babu abin da ya same shi. Na dama kuwa ya zama abin tausayi. Fatarsa ta ɓamɓare, rodi ya fito waje ya kumbura da tsatsa, jan ruwa ya zubo a jikin bangon, gutsattsari sun taru a gindinsa. Malamin ya cire lofe ya ce ga teku ɗaya, ga iska ɗaya, ga shekaru kusan ɗaya. Ya ba mu rabin awa mu gaya masa abin da ya bambanta su.

Na zaunar da Baba a kan wani dutse a bayan ɗakin da ya lalace, inda iska ba ta kaiwa sosai, na ɗiga masa magani, na ce ya jira ni. A raina na ce na rabu da ƙaya. Muka bazu da littattafanmu da tef ɗin awo. Wani ya ce bam ne ya faɗa kusa. Malamin ya ce babu bam ɗin da ya taɓa sauka nan. Wani ya ce wannan ya fi fuskantar raƙuman ruwa. Abokina ya ce ɗan kwangilar ne ya sace siminti, irin na gida, aka yi dariya. Ni na auna kaurin kankaren da ya rufe rodi, na kawo wani dogon bayani mai lissafi, malamin ya saurara har ƙarshe ya ce ba laifi, amma in je in auna na ɗaya ɗakin. Na auna, kaurinsu ɗaya.

Ina dawowa na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga bayan ginin. Na zagaya na tarar Baba ya tashi. Safar hannun tana kan dutsen da na zaunar da shi, an ninke ta da kyau. Yana bin bangon da tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa da gindin sanda, yana kara kunne. Ya bi ta gefen teku, ya dawo ta bayan da ba ya ganin ruwa, ya sunkuya ya taɓa gindi, ya miƙe ya taɓa sama iyakar tsawonsa. Sannan ya sa hannu cikin wani rami inda bangon ya ɓamɓare, ya ɓalle wani gutsure daga can ciki, ya hure shi, ya ɗora a harshe.

A daidai lokacin malamin da sauran ɗalibai suka zagayo. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon dattijo cikin hula da aron kwat yana tsotsar bangon soja. Wata ɗaliba ta rufe baki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, Baba don Allah mutane suna kallo. Ko waiwayowa bai yi ba. Ya tofar, ya ce in kai shi ɗaya ɗakin. Can babu inda ya ɓamɓare, sai ya ce a ba shi guduma. Malamin ya gane abin da yake nufi tun kafin in fassara, ya ciro ’yar gudumarsa daga aljihu ya miƙa masa. Baba ya sami kusurwa ya fasa, ya zubar da na waje, ya ɗauki na ciki ya ɗanɗana. Ya daɗe yana juya shi a baki.

Malamin ya ce in tambaye shi me ya ji.

Nan ne na tsaya a tsakiya. Ina iya cewa tsoho ne, wasa yake yi, al'adar mutanenmu ce, a yi dariya a wuce. Kalmomin ma sun zo mini har baki. Amma Baba ya riga ya fara magana, da muryar da yake yi wa masu gida bayani in sun zo da gardama, kuma na san muryar nan ba ta faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Sai na ji kaina ina fassarawa, kalma bayan kalma, ban rage ba ban gyara ba.

Ya ce gishirin da ya zo daga waje yana da hanyarsa. Daga fata yake farawa ya shiga ciki, kuma gefen da yake fuskantar ruwa da gindin bango su suke fara ciwo, bayan ɗaki ya daɗe lafiya. Wannan ɗakin kuwa gaba da baya, sama da ƙasa, duk ciwo ɗaya ne, kuma daga ciki yake turowa. Cikinsa ya fi fatarsa gishiri. Wancan mai lafiyar fatarsa ce kawai ke da gishiri, cikinsa salam yake. Saboda haka wannan da gishirinsa aka haife shi. Ya buɗe tafin hannu ya nuna gutsuren, ya ce a taɓa a ji, akwai ɓawon katantanwar ruwa a ciki. Yashin da tsakuwar daga bakin tekun nan aka kwaso su ba a wanke ba, kuma ba zai yi mamaki ba in da ruwan tekun aka kwaɓa.

Malamin ya karɓi gutsuren ya juya shi, ya ce shi sai da ya huda bangon nan ya kai ɗakin gwaje-gwaje ya jira makonni kafin ya iya faɗin haka da bakinsa. Abokina ya saki baki, sannan don ya rufe kunyarsa ya ce da Hausa, to ashe dai maganarsa ce, ’yan kwangilar ha'inci suka yi.

Baba ya juya gare shi, kuma a nan ne kawai na ji zafi a muryarsa.

“A'a, yaro. Kada ka zagi mutanen da ba ka ga ranarsu ba. Zo ka taɓa nan.”

Ya kama hannun abokina ya ɗora a bangon, ya bi da shi kan sawun katakon da aka yi wa kankaren ƙwarya da shi. Ya ce a ji yadda katakon ya tafi sambal, kusurwa ta tsaya daidai, wanda ya kafa wannan ya san aikinsa. Sannan ya gangaro da hannun zuwa wani wuri mai ramuka kamar saƙar zuma, ya ce nan ba a tsaya an daddanne ba, an zuba an wuce. Ya nuna inda zubin wata rana ya tsaya, da inda na gaba ya hau kansa tun na ƙasa bai gama kamawa ba. Ya ce mai ha'inci yana ɓoye aibinsa a inda ba a gani, waɗannan kuwa ba su ɓoye komai ba, lokaci ne ba su da shi. Gwanaye ne aka ce musu su gama jiya. Ya ce a tsorace aka yi ginin nan, mutum yana kwaɓa yana waiwayen teku.

Na fassara wannan ma.

Malamin ya daɗe yana duban siririyar tagar. Ta cikinta ana hango wani jirgin dakon mai yana shiga kogi a hankali, wataƙila ma namu ne a cikinsa. Sannan ya ce ɗakin mai lafiya an gina shi ne daga baya, da hankali ya ɗan kwanta aka sami motocin kawo yashi mai kyau. Wannan kuwa an yi shi a bazarar da kowa yake jiran abokan gaba su ɓullo ta ruwa ko yau ko gobe. Ya ce shi bai yi aiki a wannan tsibiri ba, amma a wata gaɓar can kudu yana da shekara ashirin, da shebur a hannu, kuma da bokiti suka riƙa ɗebo ruwan teku suna kwaɓawa, sun san ba daidai ba ne. Ya ce shekara da shekaru yana kawo ɗalibai nan, suna gaya masa abin da ya lalace, ba wanda ya taɓa gaya masa halin da masu ginin suke ciki.

Da na mayar wa Baba wannan, sai ya gyara tsayuwa ya fuskanci malamin sosai.

“Ka ce masa sannu da aiki.”

Na gaya masa, na ƙara da cewa haka maginanmu suke gai da junansu, ko aikin ya daɗe da wucewa. Malamin ya sa lofe a baki ya cire, ya sake sawa. Sai ya tambaye ni a wace makaranta mahaifina ya yi karatu, kuma wane irin gine-gine kamfaninsa yake yi.

Na dubi abokina, na dubi sauran. Na ce ba shi da kamfani, kuma bai taɓa shiga aji ba. Na ce magini ne na ƙasa, da hannunsa yake cura tubali, haka ubansa ya yi, haka kakansa. Na ce yana ɗaure rufin ɗaki mai faɗin wannan ramin igwa ba rodi ko ɗaya, da itacen giginya da laka kawai, ya shekara arba'in bai tsage ba. Na ce abin da na rubuta a takarda ba haka yake ba. Da na fara sai na kasa tsayawa, na shiga ba su labarin makuba da yadda ake jiƙa ta, da yadda ake gane ƙasar kirki, abubuwan da na yi shekara goma ina yi kamar ban sani ba. Ashe duk suna nan. Ban taɓa jin girman kaina kamar na wannan lokaci ba, kuma ba digirin da nake nema ne ya ba ni shi ba.

Malamin ya matso ya miƙo hannu. Baba ya ga inuwar hannun, sai na ga ya juya yana laluben dutsen nan. Ya ɗauko safar, ya fara cusa yatsunsa a ciki da sauri, yana satar kallona ta gefen tabarau, irin kallon mutumin da ya tuna ya karya wata doka. Har yau ban manta da wannan kallo ba. Mutumin da bai yarda ya miƙa wa kowa hannu a rufe ba, ga shi zai yi, don kada ya ba ni kunya.

Na karɓe safar daga hannunsa na cusa a aljihuna. Na kama hannun nan mai faso da rabin farce na sa a cikin na malamin. Baturen ya riƙe shi da hannu biyu, ya juya tafin yana dubawa, sannan ya buɗe nasa ya nuna wa Baba wani tsohon tabo da siminti ya ƙone shi. Suka tsaya haka suna gyaɗa wa juna kai, ba mai jin yaren wani, ba su kuma neme ni ba. Abokina ya ɗauki hoton, kuma shi ne abu mafi amfani da kyamarar nan ta taɓa yi.

Sauran yinin ɗalibai ba su bar Baba ya huta ba. Duk bangon da muka zo sai a ce ya ƙwanƙwasa, har wani ɗan Indiya ya ɓalli gutsure ya lasa ya yamutsa fuska, aka bushe da dariya. Baba ya yi azahar a kan rufin ɗakin mai lafiya, ya ce ya fi yarda da shi. Kafin mu tafi ya koma wurin mai ciwon, ya shafa shi, ya yi masa sannu kamar yadda ya saba.

A mota muna komawa na zauna kusa da shi. Rana ta yi ƙasa, tagogi sun yi raɓa, yawancin ɗalibai sun yi barci. Ina ta neman ta inda zan fara ba shi haƙuri, ban samu ba. Da muka hau gada na lura yana murza hannayensa a tsakanin gwiwoyi, yatsun sun sandare, yini guda suna cikin iskar teku a buɗe. Na taɓa su na ji kamar ƙanƙara. Na sa hannu a aljihu na taɓo safar, amma na kasa fito da ita.

Ashe ya ji motsina. Bai juyo ba, yana dai kallon hasken da ke wucewa ta taga, ya miƙo mini hannu.

“Kawo ta, Injiniya,” ya ce. “Yanzu kam don sanyi ne.”